Yayen maruƙa da karsanar da za a ajiye

Sabon makiyayi, Tawa: Salamu alaikum 'yan zaure. Shanu Azawak biyar gare ni, uku sun haihu farkon damina, maruƙa biyu mata, ɗaya namiji. Yanzu suna cikin wata na biyar. So nake matan su zama iyayen garke nan gaba. Yaushe zan yaye su? Nonon ma ina son shi, da shi ake cefane.

Dattijo, Abalak: Wa alaikumus salam, ɗana. Kada ka yi gaggawa. Mu ba mu raba maraƙi da uwa sai ya kai wata 7 ko 8, ka gan shi kwance yana tuƙa kamar manya. Naka za su faɗo cikin ɗari, lokacin da harawa take akwai. Ka yi sa'a. Wanda ya yaye cikin bazara, ciyawa ta ƙare, rana na dukan bisashe, shi ke jan maraƙi da wutsiya don ya tashi.

Kuma ka sani, saniyarmu ba ta sakin nono sai ɗanta ya fara tsotsa. Ran da ka yaye, tatsa ta kusa ƙarewa.

Hajiya mai fura, Tawa: Baba ya faɗi gaskiya, amma ni wajen tatsa nake jin tsoro, ƙanena. Na taɓa yin wannan kuskure. Ina da wata maraƙa ja mai farin goshi, kullum safe in tatse uwar tas, in bar mata abin da bai kai ya jiƙa baki ba. Ƙwarya ta cika, ina murna. Maraƙar nan ta tashi da ƙaton ciki, gashi a tsaye, ƙugu kamar na akuya. Sa'o'inta suka haihu, ita ko ciki ba ta ɗauka ba, ƙarshe kasuwar Badagishiri aka kai ta. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. Don Allah wadda za ka ajiye, bar mata hantsa biyu, ka tatsi biyu. Kuɗin cefanen yau bai kai saniyar gobe ba.

Malamin dabbobi, Tawa: Allah ya saka, Hajiya. Malam, tun yanzu ka fara saba musu da dusa, cikin tafi ɗaya da yamma, da harawar wake da 'ya'yan gawo, ga kanwa ko gishirin lasa kusa da ruwa. In lokaci ya yi, su kwana a dangwali, wato igiyar ɗaure maruƙa, su sha sau ɗaya a yini har sati biyu, sannan ka raba su. Ka ba su maganin tsutsar ciki, ka duba kaska a kunne da ƙarƙashin wutsiya. Rigakafin ciwon huhu da gwamnati ke yi kowace shekara kada ya wuce su, amma kada ka haɗa allura da yaye rana ɗaya.

Batun barbara, jiki ake dubawa kafin shekaru. Sai karsana ta kai kashi biyu cikin uku na nauyin uwarta: in uwar kilo 300 ce, ita ta kai wajen 200. In ta ɗauki ciki da ƙuruciya, girmanta ya tsaya, haihuwa ta yi wuya.

Dattijo, Abalak: Kuma ba kowace mace ake ajiyewa ba. Dubi uwar: tana da nono, tana haihuwa ba dogon jinkiri, tana fita rani da jikinta? Ɗiyarta ka riƙe. Kada ubanta ya hau ta. Nemi bajimi daga wani garke, ko ka tambayi na garken gwamnati na Ibesetan ko Tukunus, can ake renon Azawak tsantsa.

Sabon makiyayi, Tawa: Na gode ƙwarai, Baba. Hajiya, kin taɓa ni, don huɗun duka nake tatsewa. Gobe da safe biyu zan bari. Wa ya san inda zan samu harawa da sauƙi kafin ta yi tsada?