Robar fitsari mai santsi, me ya hana a riƙa yin ta a nan?

Nas daga Gombe: Assalamu alaikum 'yan uwa. Wani majinyaci ya zo mana da wata robar fitsari daga waje, ana jiƙa ta da ruwa sai ta yi santsi kamar yauƙin kuɓewa, ba sai an shafa mata komai ba, wallahi dattijon nan ko yamutsa fuska bai yi ba da ake sa masa. Mene ne a jikinta, kuma me ya hana a riƙa yin ta da yawa a ƙasar nan? Tsofaffinmu suna shan wahala sosai.

Ɗalibin kemistiri, Bauchi: Wa alaikumus salam anti. Haidurojel ake ce masa, siririn shafe ne, yawanci na sinadarin PVP, yana shan ruwa ya riƙe. Tsoma robar ake yi a ruwan sinadarin a zaro ta, sannan a ƙafar da shi da hasken UV (wani haske da ido ba ya gani) ko zafi. In an zaro da sauri shafen ya fi kauri.

Injiniya: Ƙanena ya faɗi daidai, amma Hajiya yin guda goma a ɗakin gwaji ba wuya, a yi dubu ɗari kowacce ta fito iri ɗaya nan ake yin ta. In da silikon aka yi robar, shi ba ya shiri da ruwa, shafen ba ya kama shi sai an fara gyara fatar robar da filasma (iskar gas da aka caza da lantarki) ko wani sinadarin, kuma in bai kama da kyau ba ɓarewa yake yi a jikin mutum, a 2015 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka (FDA) sai da ta yi gargaɗi kan wayoyin da ake zurawa a jijiyar jini saboda ɓarɓashin shafen na iya toshe jijiya. Ga buƙatar ɗakin da ƙura ba ta shiga, ku tuna hazon hunturunmu, ga wutar da ba ta ɗaukewa, ga kashe ƙwayoyin cuta da iskar etilin oksaid, sannan rajistar NAFDAC. Ni a ganina za a iya, jari ne da haƙuri.

Nas daga Gombe: Allah ya saka da alheri. To za a iya wanke ta a sake amfani da ita? 'Ya'yansa suna kukan tsada.

Injiniya: Don Allah kar su yi, sau ɗaya ake sa ta a yar. Kuma kar a goge ta da sifirit, yana lalata shafen.