Silo mun samu, amma me za mu kira silon da ya ƙi zama?

Assalamu alaikum 'yan uwa, musamman kanikawa da direbobi. Kwana uku ke nan ina bin kalma ɗaya, ga inda na tsaya.

Idan mota na tsaye, inji na aiki, ƙafa ba ta kan totur, Bature ya ce "idling". Wannan mun gama da shi tuni: silo. Daga Ƙofar Ruwa a Kano har Panteka a Kaduna, in ka ce a daidaita maka silo babu mai tambayarka me kake nufi. 'Yan uwanmu na Maraɗi da Damagaram ralanti suke cewa, kamar yadda suke kiran fulogi buji. Duk aro ne, sun kuma zauna daram, ban ga dalilin tayar da su ba.

Inda na maƙale shi ne "rough idling", wato silon da ba shi da lafiya. Yawancinmu cewa muke mota tana rawa. Wannan kalmar ta taɓa ci mini kuɗi. Na kai tsohuwar motata gareji na ce, "Maigida, rawa take in na tsaya a danja." Ya canza robobin da inji ke zaune a kansu, na biya, na dawo gida da rawar. Sati biyu bayan nan wani dattijon bakanike ya kasa kunne a bakin salansa, ya ce, "Alhaji, da ƙafa uku take tafiya." Ya kwance fulogi huɗu, na ukun ya yi baƙi ƙirin, bakinsa ya cinye.

Maganar dattijon nan ce ta ba ni kalmar da nake kawowa: ɗingishi.

Ku duba yadda abin yake. Injin tsofaffin motocinmu, irin su Peugeot 504 da aka haɗa a Kaduna, silinda huɗu ne, kowacce da fuloginta, suna kama wuta bi da bi: ta 1, ta 3, ta 4, ta 2. A silo inji na juyawa kamar sau 700 zuwa 900 a minti. In fulogi ɗaya ya gaza ba da tartsatsi, bugu ɗaya cikin huɗu ya faɗi, sai ka ji sautin na tsallake, kamar jakin da ƙaya ta soka. A kan gudu abin yakan ɓuya, a tsaye ne yake fitowa fili. Kuma gwajin da kanikawa ke yi ya dace da sunan: a zare wayar fulogi ɗaya bayan ɗaya, wadda aka zare sautin bai canza ba, ita ce gurguwar ƙafar.

Wani ɗan uwa ya ce me zai hana mu bar "mis", wato silinda ta gaza kama wuta, tunda ita ake faɗa a gareji. Ban ƙi ta ba. Sai dai mis tana faruwa ko a hawan tudu, ko a kan gudu. Ɗingishin silo ya faɗi ciwon, ya faɗi lokacinsa, kuma mai motar da bai taɓa buɗe bonet ba zai gane.

Wani ya kawo karkarwa. Kalma ce mai kyau, amma a bar ta inda ta dace: sitiyari da kujera na girgiza, sautin inji kuwa santsi. Nan ne ake zargin robobin zaman inji, ba fulogi ba.

Akwai kuma na uku, wanda wani direban tasi ya tuna mini. Silo ya hau, ya sauka, ya hau, kamar zai mutu sai ya farfaɗo. Wannan galibi iska ce ke shiga ta tsagaggen tiyo, ko datti ya toshe hanyar mai a kafireta. Direban ya ce haki, na kuma yarda da shi ɗari bisa ɗari. Mai haki numfashi ne matsalarsa, mai ɗingishi ƙafa.

Bari in ɗan tsaya kan fulogin kansa, don nan ma akwai giɓi a harshenmu. Tazarar da ke tsakanin haƙoransa biyu, inda tartsatsi ke tsallakawa, kanikawa "gaf" suke ce mata. Ni wushirya nake so. A yawancin injinan fetur ba ta wuce milimita 0.7 zuwa 1.1. Kullum wuta na cin ƙarfen, wushiryar na ƙara faɗi, har kwayil, mai ba fulogi wuta, ya kasa tura wutar ta haye. Launin bakin kuma shi ke ba da labarin cikin inji. Ruwan ƙasa mai haske, lafiya lau. Baƙi busasshe kamar kunkunniya, fetur ya fi iska yawa. Baƙi mai maiƙo, baƙin mai ne ke hawowa, sau da yawa ringin fistin ya gaji, kuma ko ka sa sabon fulogi zai sake lalacewa. Fari fat, inji na zafi ko fetur ya yi kaɗan. Don Allah a daina jefar da tsohon fulogi kafin a karanta shi.

To ga abin da zan riƙa faɗa daga yau in na shiga gareji: tana ɗingishi a silo, a duba mini wushiryar fulogi. In a garinku akwai tsohuwar kalma da ta riga wannan, ku kawo ta, ita zan bi.

Saura injin dizal, wanda ba ya kunna mai da tartsatsin fulogi amma shi ma yakan tafi da ƙafa uku in nozul ɗaya, mai fesa mai cikin silinda, ya toshe. Direbobin manyan motoci, ku me kuke ce masa?