Tangaɗi bayan an yi wa ƙafa aiki: yaya kuka yi?

Manomi, daga ƙasar Ringim:
Assalamu alaikum. Wata 4 ke nan da aka yi mini aiki a idon sawun dama a Asibitin Ƙashi na Dala bayan na faɗi da babur, aka sa ƙarfe, na yi mako 6 ban taka ƙafar ba. Ciwon ya warke, alhamdulillahi, amma da rana ina tafiya lafiya a tsakar gida, da asuba kuwa, idan na nufi masallaci cikin duhu, sai in ji ƙasa tana goce mini. Ga damina ta gabato, gona tana jira. Ina roƙon waɗanda suka taɓa shiga wannan hali su faɗa mini yadda suka yi.

Malamar firamare, Dambatta:
Wa alaikumus salam, Baba, Allah ya ƙara sauƙi. Ni ma haka na yi fama, har sai da mai gashin ƙashi ta bayyana mini dalili. A tafin ƙafa da idon sawu akwai ƙananan jijiyoyi da ke sanar da ƙwaƙwalwa yadda ƙafa ta sauka a ƙasa, kuma idan ƙafa ta daɗe a filasta sai wannan ji ya dushe, naman sharaɓa ya rame. Da rana ido ne yake rufa wa ƙafar asiri, shi ya sa duhu yake tona shi. Abin da ya taimake ni shi ne in dafa katanga in tsaya a kan ƙafar ita kaɗai, ina ƙirga 10, har na kai 30, sannan na koma dafawa da yatsa ɗaya. Idan ina zaune ina tsince wake, sai in shimfiɗa tawul ina tattaro shi da yatsun ƙafa. Sanda kuma, Baba, a hannun hagu za ka riƙe ta tunda dama ce mai ciwon. Na yi mako 2 ina riƙewa a baibai, kafaɗata tana ciwo. Kada ka fita da asuba babu tocila.

Dattijo, Birnin Kudu:
Ni tsugunno ne ya fi ba ni wahala, abin da mutane ke jin nauyin faɗa. Kafinta na sa ya fafe tsakiyar kujerar katako aka ɗora a bakin masai, aka kuma kafa turke a gefe don in kama. Wurin alwala na zuba tsakuwa saboda santsi, na ajiye silifas na koma takalmi mai rufe dunduniya. Salla a kujera na yi ta wata 3, kuma shari'a ta yarda.

Uwargida, Gumel:
Kumburin yamma ya bi ni watanni, nakan kwanta in ɗora ƙafar a kan matasai 2. Amma idan sharaɓa ta kumbura da zafi farat ɗaya, Malam, a tafi asibiti ranar, don jini yana iya daskarewa a jijiya.

Manomi:
Allah ya saka muku da alheri. Na mayar da sandar zuwa hannun hagu tun jiya. Shukar bana yara za su sara, ni in bi kwarin kunya ina zuba iri, ba tsallake.