Maigidana ya tashi daga kumburin ƙwaƙwalwa amma mantuwa ta ƙi barinsa, ku ba ni shawara

Mai neman shawara:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ku yi haƙuri da tsawon rubutun, kwana uku ke nan ban runtsa ba. Maigidana shekararsa 43, malamin lissafi ne, mutumin da lambar waya sau ɗaya zai ji ta zauna masa. Wata biyu da suka wuce ya fara zazzaɓi da ciwon kai. Tun rana ta biyu na ce mu tafi asibiti, yayarsa ta ce na cika gaggawa, a bar maganin zazzaɓi ya yi aikinsa. Dama shekara 12 da aurenmu, duk abin da na faɗa sai ta kawo akasinsa, ko lokacin haihuwar ɗanmu na biyu haka ta yi mini, kuma har yau ba ta taɓa cewa ta yi kuskure ba. Rana ta huɗu ya fara cewa yana jin ƙaurin ƙuna alhali ba abin da ke ƙonewa, ya kira ni da sunan ƙanwarsa, cikin dare jijjiga ta kama shi. Aka kwantar da shi mako uku, suka ce kumburin ƙwaƙwalwa ne.

Yanzu yana gida, yana tafiya da ƙafarsa, ya san ni, ya san yara, yana tuna abokan yarintarsa ɗaya bayan ɗaya. Amma abin da aka yi da safe, kafin azahar ya goge. Sai ya tambaye ni sau goma wace rana ce yau. Wurin aikinsa sun ba shi wa'adi zuwa ƙarshen wata mai zuwa. Zai dawo daidai kuwa? Me zan yi masa?

Mai Dogon Nazari:
Wa alaikumus salam. Baiwar Allah, ko shakka babu wannan ragowar korona ce. Ni ta kama ni a 2021, na yi kusan shekara kaina kamar an cika shi da hazo, in shiga ɗaki in manta abin da ya kawo ni. Hukumar Lafiya ta Duniya da kanta ta fitar da ma'anar ciwon a watan Oktoban 2021: alamun da ke nan wata uku bayan kamuwa, suka kuma ɗauki aƙalla wata biyu. Likitoci uku na gani, kowa ya ce damuwa ce ke damuna, ɗaya ko ɗaga kai bai yi ya dube ni ba. Da kaina na warkar da kaina da tattaki da barci kan lokaci. Ki rage masa tarin magungunan nan, su ke ƙara dulmiyar da shi.

Ma'aikaciyar jinya:
'Yar uwa, Allah ya ba shi lafiya. Ba ki faɗa mana abu mafi muhimmanci ba. Wace ƙwayar cuta suka ce? An ɗebi ruwan ƙashin bayansa don gwaji? An yi hoton ƙwaƙwalwa na MRI? Wane magani yake sha yanzu?

Mai neman shawara:
Anti, an ɗebi ruwan baya, sun ce hapis ce. Sun yi ta ɗaura masa wani magani ta jijiya sau uku a rana. Yanzu maganin jijjiga kawai yake sha.

Ma'aikaciyar jinya:
To wannan ba korona ba ce, Malam. Hapis ita ce ƙwayar da ke fito da ƙuraje a gefen leɓe, yawancin manya na ɗauke da ita ba su sani ba, kuma da wuya ƙwarai ta haura ƙwaƙwalwa. In ta haura, ɓangaren da ke saitin kunne ta fi kamawa, inda hifokamfus yake, wurin da ke ɗaure sabon abu ya zama abin tunawa. Shi ya sa tsohon labari na nan, na safiyar yau ne ba ya zama. Ƙaurin da ya ji ma daga yankin ya fito. Maganin jijiyar nan asaikulobir ne, kwana 14 zuwa 21 ake yi, kuma in ba a ba da shi ba kusan mutum 7 cikin 10 ba sa tashi. Sauƙin mantuwa a hankali yake zuwa, cikin watanni, wani ya samu da yawa, wani kaɗan. Ki nemi a yi masa gwajin tunani a wurin ƙwararre, a rubuta wa wurin aikinsa takarda.

Uwar Marayu:
Ni dai wannan yayar miji ce ta tsaya mini a rai. Haka na yi jinyar mahaifiyata shekara shida tana mantuwa, 'yan uwana ba mai leƙowa sai dai su bugo waya su ba da umarni. Ranar da ta rasu su suka fi kowa kuka. Har yau ban iya gaisawa da babban yayanmu da zuciya ɗaya ba. Ki riƙe mijinki, ki toshe kunnenki.

Ɗan Kallo:
Akwai wani masanin kiɗa a Ingila, Clive Wearing, wannan kumburin ƙwaƙwalwa na hapis ya kama shi a 1985. Tunaninsa bai wuce 'yan daƙiƙu ba, amma yana gane matarsa kuma yana iya kaɗa fiyano.

Mai neman shawara:
Don Allah Malam, ba irin labarin da zuciyata za ta ɗauka ba ke nan yanzu.

Mai Dogon Nazari:
Ko hapis ko korona, duk bairos ne, duk kumburi ne, hanyar fita ɗaya ce. Ni na sha, ba karantawa kawai na yi ba. Maganin jijjiga na sa kasala da mantuwa, duk mai shakka ya buɗe takardar da ke cikin kwalin. Ku ma'aikatan asibiti ba kwa son a faɗi wannan.

Mai neman shawara:
Gaskiya ni ma na lura. Tunda ya fara shan sa ya zama mai saurin fushi, mutumin da bai taɓa ɗaga wa yaro murya ba. Shi ya sa kwana goma ke nan na mayar da shi rabin ƙwaya. Kuma satin nan ba ya barci sam, yana ta motsa baki kamar mai tauna, jiya ya ce akwai mutane a bayan labule.

Ma'aikaciyar jinya:
Subhanallah. 'Yar uwa, wannan ya kamata ki fara faɗa, ba zancen yayarsa ba. Gaskiya ne wasu magungunan jijjiga na kawo fushi, amma likita ke canza su da wani, ba a rage su a gida, jijjigar na iya dawowa da ƙarfi. Wata jijjigar ma ba ta kayar da mutum, motsin baki da ɗaukewar hankali kawai za a gani. Abu na biyu, makonni bayan ciwon hapis garkuwar jikin wasu kan juya ta afka wa ƙwaƙwalwa. Likita Josep Dalmau da abokan aikinsa suka bayyana kumburin da ake kira na NMDA a 2007, daga baya aka gano yana iya biyo bayan hapis. Rashin barci, sauyin hali, gane-gane da motsin baki duk suna cikin alamunsa, kuma yana da magani in an kama shi da wuri. Hapis ɗin ma tana iya dawowa. Ba zan ce ga wanda yake da shi ba, sai an sake gwaji da awon wutar ƙwaƙwalwa. Ki kai shi sashen gaggawa yau, ki faɗa musu kin rage maganin.

Mai Dogon Nazari:
Kun gani ko? Tsoratarwa. Rashin barci kawai ke sa mutum gane-gane. Ki fita da shi tattaki da yamma, kwana uku ki dawo ki ba mu labari.

Mai neman shawara:
Anti, ba da wasa na rage ba, ni ke kwana da shi, ni na ga yadda yara suka fara gudunsa. Kuma muna da ranar ganin likita nan da mako uku. In ya ji kalmar asibiti kuka yake yi kamar yaro, ba ku ga yadda aka ɗaɗɗaure shi wancan karon ba. In na ce na taɓa maganin, yayarsa za ta ɗora mini komai.

Uwar Marayu:
Za ta ɗora miki ko kin faɗa ko ba ki faɗa ba, na san irinsu.

Ma'aikaciyar jinya:
Mako uku ya yi nisa. Ko waya ki yi wa likitansa yanzu. Akwai wanda zai raka ki?

Mai neman shawara:
Ƙaninsa na da mota amma sai dare yake tashi daga aiki. Yanzu dai ya samu ya ɗan kwanta, ba na son tashinsa. Bari in ga yadda zai farka. Littafin rubuta abubuwan yini da na ji ana cewa, shi zai riƙa rubutawa ko ni?