Dutsen Nokogiri: Baba zai iya hawan nan kuwa?

Ummi_Chiba:
Assalamu alaikum jama'a. Ina karatu a Chiba, ƙasar Japan, Baba zai zo bikin kammala karatuna a watan Maris. Tunda ya ga hoton ƙaton gunkin Buddha na wurin ibadar Nihon-ji, wanda aka sassaƙa a jikin dutsen Nokogiri, ya kafe sai na kai shi. Tsohon malamin tarihi ne, dama irin abinsa ke nan. Matsalar ita ce gwiwa. Ya haura 70, sallah ma wani lokacin a kujera yake yi. Don Allah wanda ya taɓa zuwa, ta ina ake shiga? Kuma me mutum zai ci a can?

Bakatsine:
Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya kawo Baba lafiya. Kada tsayin dutsen ya ruɗe ki. Mita 329 ne kacal, amma matakalar da ke cikin harabar ta haura taki 2,600. Komai ya danganta da ƙofar da kuka shiga.

Yawancin mutane a tashar jirgin ƙasa ta Hama-Kanaya suke sauka, kan layin Uchibo, su hau motar nan mai tafiya a jikin igiya, minti huɗu sai ga su a sama. Ni ma haka na yi. Daga nan Hyakushaku Kannon ba nisa: siffa ce mai tsayin kusan mita 30 da aka sassaƙa a bangon tsohon wurin fasa dutse, aka gama a 1966 don tunawa da waɗanda suka mutu a yaƙi da haɗurran hanya. Ni wurin ya fi burge ni kan siffar. Bangon a miƙe sambal, sawun gatarin masu sara na nan layi-layi, ga gansakuka, ga sanyi ko da rana tsaka. Har 1985 ana yankan dutsen gini a dutsen nan. Sama kaɗan kuma Jigoku Nozoki yake, ɗan tsinin da ya leƙo kan rami, inda ake bin layi don ɗaukar hoto. Wannan Baba ya yafe shi.

Shi Buddhan da yake son gani yana can ƙasa sosai. Gangara ce ke kashe gwiwa, kuma in motar igiyar za ku koma, duk abin da kuka sauka sai kun hawo shi. Shawarata ku ɗauki hayar mota, ku bi ta ɓangaren garin Hota zuwa ƙofar gabas. Akwai wurin ajiye mota, tafiya kaɗan ce zuwa filin da Buddhan yake. Tsayinsa mita 31 ne har da mazauninsa, ya ninka gunkin Buddha na garin Kamakura da kowa ke zuwa gani. Wani masassaƙi Ono Jingoro da almajiransa 27 suka gama shi a 1783, ruwa da iska suka cinye shi, aka sake gyara shi a 1969. Akwai benci, ya zauna ya kalla son ransa.

Maman_Hanif:
Malam Bakatsine ya yi gaskiya kan ƙofa, amma malamin tarihi ya zo ya tafi bai ga ƙananan gumakan ba? Ai an yi asara. Sun kai 1,500, almajiran Buddha ne, an jera su cikin kogunan da ke gefen hanya, kowa da fuskarsa: wani na dariya, wani ya murtuke, wani ya karkata kai kamar mai gulma a gidan biki. Da yawa ba kai. Bayan 1868, da gwamnatin Meiji ta raba addinin Shinto da na Buddha, mutane suka yi ta farfasa kayan wuraren ibadar Buddha, su ma ba su tsira ba. Wasu an mayar musu da kawunan, za ki ga tabon a wuya. Ummi, in ya ji ƙarfi ku hau kaɗan daga filin, da sanda, ya ga na farko-farko ku juyo.

Abinci kuwa, Kanaya garin masunta ne, soyayyen kifin aji suka yi suna da shi. Ki dai tambayi man da aka soya shi. Ni dafaffen ƙwai da shayi a fulas nake tafiya da su.

Abu_Zinder:
Ni tambayata daban ce. Ya dace Musulmi ya je wurin gumaka?

Ummi_Chiba:
Malam Abu, Baba kallo da ilimi za su kai shi, ba zai rusuna wa komai ba, turaren ma ba zai kunna ba. Hukuncin kuma na bar wa malamai. Na gode Yaya Bakatsine, na gode Maman Hanif. Ni ba ni da lasin tuƙi, sai dai in roƙi wata ƙawata ta kai mu.

Bakatsine:
To ku fita da sassafe, kafin magariba ake rufe ƙofa. In kuma kun ce sai kun ɗanɗana motar igiyar, ki duba tun daga gida, ana tsayar da ita in iska ta yi ƙarfi.