Mahbas, bawul ko linzamin ruwa?

1/ 'Yan'uwa masu aikin famfo da na sanyi a Jidda da Makka, ku taya ni nema wa ire-iren mahbas sunan Hausa, wato abin buɗe ruwan bututu da rufe shi a Larabcin nan. Jiya muna gyara a wani bene mai zagaya ruwan sanyi cikin bututu, na ce wa yarona, wanda bara ya zo daga Kano, ya je ya duba mahbas. Sai ya datse ruwan hawa na uku gaba ɗaya. Laifina ne, don a bakinmu komai mahbas ne.

2/ Alhali kowanne da aikinsa. Akwai mai hannu da ake murɗawa rubu'in zagaye, ƙwallo ne mai huda a cikinsa. Akwai mai sitiyari da ake ta juyawa har ƙofar ƙarfe ta sauka. Waɗannan buɗewa da rufewa kawai suka iya. Ka bar mai sitiyari rabi a buɗe, ruwa zai yi ta cin bakin ƙofar har ta daina rufuwa ruf. Su dai na ce a kira su madatsa, a wuce wurin.

3/ Wanda ya hana ni barci shi ne mai ɗan inji a ka. Ma'aunin zafi na bango ke ba shi umarni: ɗaki ya ɗau zafi ya ƙara buɗewa, ya yi sanyi ya matse. Ruwan kan iso masa da sanyin kusan digiri 7. Wani baki biyu gare shi, wani uku. Bakin na ukun ke karkatar da ragowar ruwa ya koma inda ya fito.

4/ Abokin aikina, Bahaushen Sudan, ya ce su balaf suke cewa. To ai bawul ɗinmu ne, kuma ka ce bawul a Kano, mai faci za a nuna maka. Wani ya kawo madaidaici, amma mai ji zai zaci matsakaici ake nufi.

5/ Ni na tsaya a kan linzamin ruwa. Da linzami ake rage wa doki gudu, a sakar masa, a juya shi, duk yana tafe. Wani dattijonmu a Shari'a Mansur, wani titi a Makka, ya yi dariya, ya ce, "Ɗana, kar a ji ka a waya a ɗauka makami kake saidawa." Na ce, "Baba, ai shi ma makamin daga doki ya aro."

6/ Saura raddad, mai hana ruwa komawa baya in dinamo, wato injin tura ruwa, ya tsaya. Awwama ta tankin sama, mai tsayar da ruwa in tanki ya cika, ita kam na bar ta da sunanta.