Matsatsin dutse da lifta a gem: dabara ce ko yaudara?

Abba: Jama'a, ni na yanke hukunci. Duk inda gem ya sa ka matsa tsakanin duwatsu biyu kana jan jiki kamar mai ciwon baya, yaudara ce. Lodi yake yi a ɓoye, wato yana kwaso wurin da za ka shiga a gaba. Gara ya nuna mini baƙin allo in san jira nake.

Sadiya: To in ya ɓoye me ka rasa? Jiran dai ɗaya ne.

Yaya Hamisu: Ƙanena, ba ka riski zamanin wahala ba. PlayStation na farko RAM ɗinsa megabait 2 ne kacal, hoto ɗaya na wayarka ya fi shi nauyi. Ka ɗauki RAM a matsayin tiren mai talla, faifan gem kuma rumbu. Tire ba ya ɗaukar rumbu, dole a sauke wani kaya kafin a ɗora wani. A Resident Evil na 1996, duk ƙofar da ka buɗe sai allo ya yi duhu, ƙofar ta buɗe a hankali tana ƙara. A lokacin ake zubar da ɗakin da ka bari, a kwaso na gaba. Kuma wallahi ƙofar nan ta fi wasu dodannin ba mu tsoro.

Abba: Wannan da ne, Yaya. PlayStation 4 (PS4) RAM gigabait 8 gare shi. Me ya hana shi?

Nura: Tiren ya girma, amma hanyar rumbun ba ta faɗaɗa ba. Faifan PS4 irin mai juyawa ne, sai allura ta je ta nemo abu. Mark Cerny, wanda ya jagoranci ƙera na'urar, ya yi bayani a 2020 cewa abin da faifan ke iya kawowa bai wuce megabait 50 zuwa 100 a daƙiƙa ba. Ka lissafa cika gigabait ɗaya kawai da wannan tafiyar. Har ya ce a Spider-Man akwai kayan titi da aka maimaita ajiye su wajen sau 400 a faifai, don kada allura ta yi nisa wajen nema. SSD na PS5 kuwa, wato ma'ajiyar da ba ta da faifai mai juyawa ko allura, gigabait 5.5 yake kawowa a daƙiƙa.

Sadiya: Ni liftar Mass Effect ta 2007 ma, wadda ita ma lodi take ɓoyewa, ba ta taɓa damuna ba. Kana tsaye abokan tafiyarka suna hira, wani lokaci har da baƙar magana.

Ɗanlami: Ku dakata, kada ku wanke kamfanoni tas. Kun manta GTA Online? A 2021 wani masanin manhaja mai laƙabin t0st ya gaji da jiran lodi na kusan minti 6 a kwamfutarsa, ya tona cikin gem ɗin. Sai ya tarar fayil ne mai megabait 10, jerin kaya kusan 63,000, kuma duk abu ɗaya da gem zai karanta sai ya sake auna tsawon rubutun da ya rage. Kamar mai ƙirga buhuna ne da ke komawa ya zagaye sito bayan kowane buhu. Ya gyara, jira ya ragu da kusan kashi 70 cikin 100. Rockstar, kamfanin da ya yi gem ɗin, ta amsa cewa gaskiyarsa ce, ta ba shi dala 10,000. Gem ɗin da ya fito tun 2013 fa.

Abba: Yauwa! Allah ya biya ka, Ɗanlami.

Yaya Hamisu: Kada ka yi saurin tafi. Abin da ya kawo sakaci ne na masu rubuta manhaja. Matsatsin da kake zagi kuwa aiki ne da aka yi da gangan don na'ura ta gaza. Ba ɗaya ba ne.

Abba: Na ji. To yanzu da SSD ya zo, me ya sa har yau nake ratsa duwatsu a PS5?

Nura: Wasu gem ɗin an yi su ne su hau PS4 da PS5 tare, kamar God of War Ragnarök na 2022, dole a bi tafiyar mai rauni. Wani matsatsin kuma ba na lodi ba ne sam, an sa shi ne don ya raba fagen faɗa da wurin hutawa, ko ya hana ka komawa baya.

Abba: Ta yaya zan bambance?

Nura: Daga kujerarka ba za ka iya ba.

Sadiya: Ka ga ke nan ɓoyewar ta yi aiki, Abba.

Abba: Ni dai ban janye ba. A kawo mini wanda babu matsatsi ko ɗaya, sai mu sake zama.